Hajiya Lauratu da Igiyar da ke Ƙafar Najiba

Na Allah muke, kuma wajenSa Hajiya Lauratu Sulemanu ta koma ranar Juma'a, 9 ga watan Agusta, jim kaɗan bayan la'asar, a bayan wata motar a-kori-kura kan hanyar Maska zuwa Funtua. Harsashi biyu ne suka shige ta ta baya. 'Yan bindiga ne suka harbe ta a filin makarantar firamare ta Unguwar Maitama, inda muke gudanar da sansanin yara na bana. An yi jana'izarta washegari da safe a Funtua. Shekarunta hamsin da takwas, talatin da biyar daga ciki ta yi su ne tana aikin jinya.

Ta riga ta tsira a wannan rana. Ta kai cikin gonar masara tare da sauran yaran, sannan ta koma saboda yarinya ɗaya, Najiba, 'yar shekara tara. An kawo yarinyar asibiti a sume, da ƙuna tun daga gwiwa har tafin ƙafa, hayaƙi ya cika mata ƙirji. Yawancin abin da ke cikin wannan takarda a kan bencin ƙofar ɗakin da take kwance na rubuta shi, ban san ko za ta tashi ba.

Sunana Mahadi, ina koyarwa a wata kwalejin koyon aikin lafiya a wannan yanki namu. Ni nake kawo wa marigayiya ɗalibai duk shekara.

Hajiya, na tuna ranar da kika fara shigowa ajina, shekara shida ke nan. Ina tsaka da yi wa ɗalibai bayanin lalurorin ƙwaƙwalwar yara da manyan sunayensu na littafi, ke kuma kina zaune a baya kamar baƙuwa mai jiran a tashi. Da na gama kika miƙe kika naɗe hannun rigarki zuwa gwiwar hannu. Tabon cizo ne jere, wani a kan wani, wasu sun yi baƙi, wasu sababbi.

"Malam, turancinka ya yi kyau," kika ce. "To a cikin 'ya'yan nan naka wa ya san abin da zai yi in yaro ya kafa mashi haƙori ya ƙi saki?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ni ma ban sani ba.

A ranar kika ba mu labarin abin da ya sa kika kafa sansanin. Kina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Danja aka kai hari wata ruga da ke kusa, kina cikin waɗanda suka fara shiga bayan maharan sun tafi. A wata bukka da ta ƙone kika tarar da gawar yaro kamar ɗan shekara goma sha biyu, a durƙushe, ƙafarsa ɗaure a turke. Kowa ya gudu, shi ya ja igiya har ta ci namansa ta kai ƙashi. Uwarsa tana gona. Kika ce mana kada wanda ya zagi matar nan. Yaro ne da ba ya magana, in aka bar shi sai ya nufi rijiya ko titi, ita kuma in ba ta je gona ba babu abin sawa a tukunya. Ba wanda ya taɓa nuna mata wata hanya ban da igiya, domin mu da muke sa farin kaya ma ba mu san wata ba.

Haka aka fara. Duk dogon hutun damina, sati biyu, a aron ajujuwan wata firamare. Yara ashirin, kowane da uwarsa ko kakarsa. Akwai masu galahanga, wato waɗanda ba sa magana ko haɗa ido da mutane, ƙara kaɗan ta firgita su. Akwai masu farfaɗiya, akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka sandare tun haihuwa. Kowane ɗalibi yaro ɗaya, shi zai yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya wanke masa kashi, ya koyi abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar masa, sannan ya koya wa uwar. Ɗalibaina sukan zo da littafin rubutu da sabon takalmi. Kafin kwana uku an manta da littafin, takalmin kuma ya sha amai.

Ke kika koya mana cewa in yaro ya cije ka, ba fizgewa za ka yi ba, in ka fizge da namanka zai tafi. Tura hannun za ka yi cikin bakin a hankali har muƙamuƙin ya saki. Kika koya mana cewa mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali, ba a danne shi, kuma yawunsa ba ya shafa wa kowa cuta. Don ki tabbatar wa iyaye mata da haka, da tafin hannunki kike share kumfar bakin yaro a gabansu.

Ba ki da sanyin hali, kuma ba zan ce kina da shi ba don kin rasu. A shekara ta uku wani kawu ya shigo da mai magani sansanin ba da saninki ba. Muka jiyo ihu daga bayan banɗaki. Mun tarar mai maganin ya kwantar da yarinya 'yar shekara bakwai rub da ciki, ya turara mata barkono, yana zabga mata dorina wai zai fitar da iska. Bayanta duk ya fashe. Kika riƙe dorinar a sama da hannunki, ta naɗe maki a tsintsiyar hannu har jini ya fito, kika fizge ta kika jefa kan rufin kwano.

"Bawan Allah," kika ce masa, "in ma akwai aljani a jikinta, shi bai ji komai ba. Ita ce ta ji. Fita, kafin in manta da shekaruna."

Ya fita yana ja da baya. Kika zauna a ƙasa kika ɗora yarinyar a cinya kina wanke mata bayan, kina kuka kina zagin ɗaliban da suka tsaya kallo. Bayan awa guda kuma kin aiko musu da dafaffiyar masara.

Dokoki biyu ne a sansanin da ba ki sassauta wa kowa. Ta farko, babu igiya. Duk wanda ya ɗaure yaro, uwa ce ko ɗalibi, ya tattara kayansa. Ta biyu, babu abu mai kaifi. Wannan ta samo asali ne daga wani yaro da ya tsinci reza a jakar uwarsa ya tsaga hannunsa tun daga wuyan hannu har gwiwa, yana kallon jinin yana dariya. Tun daga ranar, wuƙaƙen girki, almakashi, reza, har abin yanke ƙumba, duk a akwatin ƙarfe suke zama da kwaɗo. Masu girki su karɓa da safe, su mayar kafin azahar. Makullin kuma a hannuna kika damƙa shi, kika ce ni ne ba na mantuwa.

Najiba bana ta fara zuwa. Kakarta, Inna Tsohuwa, ita ta kawo ta daga wani ƙauye ta wajen Malumfashi. An kashe uban yarinyar a gona shekara biyu da suka wuce, tsohuwar ce kaɗai ta rage mata. A idon sawun Najiba akwai zoben tabo, fari fat, inda igiya ta daɗe tana ci. Ba ta magana. In ta ji ƙara sai ta ƙwalla ihu ta dinga buga kanta da bango. Ɗalibin da aka ba shi ita, Mannir, ya sha wuya a satin farko. Ta cije shi a kafaɗa, ta cije shi a cinya, ta kifa masa kwanon kunu mai zafi a ƙirji. Rahab, wata ɗaliba Kirista 'yar ajinsu, kullum sai ta tare shi da tsiya.

"Mannir, yau ma kai ne abincin rana? A sa maka gishiri?"

"Ke dai ki ji da naki," yakan ce. "Ni aƙalla ana ɗanɗana ni."

Kika nuna masa cewa Najiba ba ta son a shafa ta a hankali, wannan ƙara hargitsa ta yake yi. Rungume ta za a yi da ƙarfi ta baya, a matse ta sosai, sai jikinta ya saki. Ran kwana na biyar ta karɓi lomar tuwo daga hannunsa. Daga nan kuma ba ta yarda da kowa ba sai shi.

Muna da tsari a sansanin. Ran Juma'a maza Musulmi su tafi masallaci a garin da ke gaba, tafiyar mil uku, ɗalibai mata da Kiristoci su riƙe yaransu. Ran Lahadi mu riƙe nasu su tafi coci. A Juma'ar farko Najiba ta kufce ta bi babur ɗin da Mannir ya hau har bakin titi, saura ƙiris motar taki ta take ta. Mutum uku suka ɗauko ta, ta fasa goshinta a bango.

Yanzu zan faɗi nawa, Hajiya, domin ke kin riga kin ji, amma ɗalibaina da iyalinki suna da haƙƙin su ji a fili.

A Juma'a ta biyu Mannir ya same ni wajen ƙarfe ɗaya ya ce zai zauna, ya yi azahar a sansani. Na ce masa saurayi lafiyayye ba ya barin Juma'a saboda rigimar yarinya. Inna Tsohuwa tana tsaye a gefe.

"Malam, ɗana, ka bar ni in ɗan ɗaure ta," ta ce. "Awa guda ce fa. Ina zaune kusa da ita. Shekara biyu ina yi, ba ta mutu ba."

"Hajiya za ta kore mu duka, Inna."

"Wa zai gaya mata? Kai?"

Na yi dariya. Na ce a kai ta ajin ƙarshe, inda muke tara katifun da ba a amfani da su, don kada ki gani. Tsohuwar ta kwance igiyar shanya, ta roba ce shuɗiya, ta jiƙe da ruwan da aka yi da safe. Ta ɗaura bakinta ɗaya a ƙafar yarinyar, ɗayan a ƙarfen taga, ta ja ƙullin da dukan ƙarfinta. Ni kuma na hau babur da makullin akwati a aljihuna.

Abin da ya biyo baya daga bakin Rahab na ji shi, ita ce ta gani da idonta.

Ƙarfe biyu saura suka shigo ta hanyar rafi, babura sun fi ashirin, kowane da mutum uku. Sun san ranar da suka zaɓa, sun san maza ba sa nan. Maigadinmu, Malam Abdulmutallib, tsoho ne da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci. Yana alwala a bakin ƙofa suka harbe shi a wuya, ya kifa kan butarsa. Kin sha sa ɗalibai su gwada gudu tun ranar farko, suna gunaguni, don haka da ƙarar farko kowa ya saɓi yaronsa ya nufi gonar masarar da ke bayan makaranta. Suka kwanta tsakanin kunyoyi, kowace uwa ta danne ɗanta. Kika bi su da rarrafe kina taɓa kawuna. Goma sha tara.

Sai ga Inna Tsohuwa ta faɗo cikin masarar, ba ɗankwali, faratanta sun kakkarye suna jini.

"Wuƙa! Ku ba ni wuƙa! Ya ƙi kwancewa!"

Rahab ta ce kin dubi tsohuwar daƙiƙa ɗaya kawai, kin gane komai.

"Makullin akwati fa?" kika tambayi Rahab.

"Yana wajen Malam Mahadi, Mama."

"Riƙe tsohuwar nan. In ta motsa ki zauna a kanta."

A lokacin sun riga sun watsa fetur ta tagogin ajujuwan sun cinna wuta. Katifun suka kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Kika tsoma hijabinki a duron ruwa, kika yafa, kika shiga ajin ƙarshe. Babu wanda ya ga abin da ya faru a ciki. Amma matan da suka yi maki wanka sun gaya wa Rahab cewa sun tarar da zaruruwa shuɗaye a tsakanin haƙoranki, haƙoranki biyu na gaba sun karye, leɓenki ya tsage har haɓa. Da baki kika ci igiyar nan, sili-sili, wuta tana cin zanen yarinyar.

Kika fito rungume da ita a ƙirji, ba a baya ba. Rahab ta ce da farko ta yi mamaki, domin goyo ya fi saurin gudu, sai daga baya ta gane kin san ta inda harsashi zai zo. Tsakanin ajin da gonar bai wuce taku sittin ba. Najiba tana ta ihu. Wani daga cikinsu, matashi da rawani ya rufe masa baki, yana tsaye bakin rijiya.

"Ke tsohuwa! Tsaya!"

Ba ki tsaya ba. Harsashi na farko ya same ki a ƙasan kafaɗa, kika durƙusa, kika miƙe. Na biyu ya same ki a tsakiyar baya, a daidai bakin gonar. Kika faɗi rub da ciki a kan yarinyar, kika matse ta da dukan nauyinki. Ihun ya tsaya cak. Ya tako ya zo, ya shure ki a haƙarƙari sau biyu da takalminsa, ya zare wayarki daga ƙugu. Kina da rai, kina jin kowane shuri, amma ba ki motsa ba. Taku goma daga wajen yara goma sha tara suna kwance. Ya tofa yawu ya koma wajen 'yan uwansa. Suka kora shanun unguwar, suka tafi da mata huɗu daga cikin gari, waɗanda har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

Mu muna sahu muka jiyo harbin. Kafin a sallame, mu sami babura, mu iso, sun tafi. Mutum huɗu muka ɗaga ki daga kan Najiba, domin hannuwanki sun ƙi sakinta.

A cikin motar Rahab ce ta riƙe kanki, ni ina zaune wajen ƙafafunki, Mannir yana rungume da yarinyar da ta riga ta sume. Mun wuce Maska kika buɗe ido.

"Nawa?"

"Ashirin, Mama," in ji Rahab.

"Da Najiba?"

"Da Najiba."

Kika juyo da ido wajena. Maganar tana fita da jini.

"Malam. Wa ya ɗaure ta?"

"Ni na yarda, Hajiya. Mannir ya ce zai zauna, na hana shi."



"Bari in warke," kika ce. "Ni da kai ne."

Haka kike ce wa kowane ɗalibi da ya yi laifi, kuma ba ki taɓa fasawa ba. Daga nan kika shiga kalmar shahada, kina maimaitawa, ina maimaitawa tare da ke, har muryarki ta ɗauke muna hango gidajen farko na Funtua.

Ran sadakar uku na je wajen maigidanki, Alhaji Ummaru. Na jira mutane suka ragu, na durƙusa gabansa na gaya masa komai, igiyar da makullin da dariyar da na yi. Ya saurare ni bai ɗaga kai ba, yana jan carbi.

"Yarinyar fa?" ya ce.

"Ba ta farfaɗo ba, Alhaji. Likita ya ce ƙirjin ne abin tsoro."

"To, Malam Mahadi, me kake yi a nan? Ni ina da masu taya ni zama. Tashi ka je. In ka san halin da take ciki ka dawo ka gaya mani."

Kwana tara muka yi a ƙofar ɗakin nan. Inna Tsohuwa ba ta ci abin kirki ba, ba ta kuma yi wa kowa magana ba, tana zaune a ƙasa da yatsu naɗe da bandeji. Sau biyu numfashin yarinyar yana tsayawa ana dawo da shi. An yanke mata yatsun ƙafa biyu da wuta ta cinye. Nas-nas ɗin ɗakin suka rasa yadda za su yi da ita ranar da ta fara motsi tana fizge robar numfashin da aka sa mata a hanci, har wata ta ɗauko bandeji za ta ɗaure mata hannuwa a ƙarfen gado. Mannir ya tsaya a gabanta.

"Sista, don Allah a'a. Ba ni minti biyu."

Ya hau gadon ya rungume ta ta baya, ya matse. Nas ɗin ta tsaya tana kallo har yarinyar ta yi laƙwas, sannan ta ce masa ya nuna mata yadda ake yi.

Shekaranjiya aka cire robar. Jiya da hantsi Najiba ta sha kunu rabin kofi, ta ciji Mannir a babban yatsa. Ya fito da gudu yana nuna wa kowa shatin haƙoran yana kuka. Likita ya ce za ta rayu, za ta yi tafiya da ɗingishi. Inna Tsohuwa ta kifa goshinta a simintin baranda, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da la'asar na koma wajen Alhaji Ummaru na ce masa yarinya ta tashi. Ya ajiye carbin, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Da ya buɗe ya ce, "Alhamdu lillahi. To Lauratu ta gama aikinta." Ya kira 'yarki Raudatu ya ce ta kawo mani abinci, ya zauna yana kallona har na cinye.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa Lauratu, Ka gafarta mata, Ka karɓi shahadarta, Ka sanyaya mata makwanci kamar yadda ta shiga wuta don marainiya. Ka ji ƙan Malam Abdulmutallib da ya cika da alwala a jikinsa. Ka dawo da matan nan huɗu gidajensu lafiya, Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa a ƙasarmu. Ka yafe mani, Ka yafe wa Inna Tsohuwa, Ka raya Najiba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Ummaru, da 'ya'yanta Raudatu da Awaisu da Ummukulsum, da jikokinta, da 'yan uwanta na Funtua da Musawa, da ɗalibanta Musulmi da Kirista da ke warwatse a ƙananan asibitocin ƙauyukanmu, da iyayen yaran nan ashirin. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.